Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnatin Jihar Kano Kan Kare Taron Jama'a Daga Motoci

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, da Kwamishinonin Ayyuka da na Sufuri, da shugabannin hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA da na hukumar tsara birane ta KNUPDA.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku, ina rubuto wannan wasiƙa ne a matsayina na ɗan kasuwa wanda ya haura shekara 20 yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma ɗaya daga cikin 'yan kwamitin wani masallacin Juma'a da ke bakin babban titi a cikin wannan birni. Roƙona guda ɗaya ne, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa bayaninsa ne: a kafa abin da zai iya tsayar da mota da gaske, na ƙarfe da kankare, mai tushe a cikin ƙasa, a tsakanin motoci da wuraren da jama'a ke cinkoso, wato bakin masallatai da filayen idi da ƙofofin kasuwanni da makarantu da hanyoyin hawan Sallah.

Bari in fara da abin da hannuna yake yi duk mako. Kowace Juma'a, tun kafin liman ya hau mumbari, cikin masallacinmu yake cika, harabar ta cika, sahu ya fito kan kwalta ya miƙe har kusa da shataletale. Mu 'yan kwamiti da 'yan agaji mukan fito da benci biyu na makarantar Islamiyya, da igiya guda, da tsofaffin tayoyi uku ko huɗu da wani mai faci ya ba mu, mu gitta su a kan titi, sannan mu tsayar da samari biyu da tuta a hannu. Wannan shi ne dukkan abin da ke tsakanin mutum fiye da dubu da suka ba wa titi baya, suka sa goshi a ƙasa, da duk motar da za ta taso daga sama. Shekara da shekaru muna yin haka, mutane suna yaba mana, mu ma muna ganin mun yi ƙoƙari, har ranar da Allah ya nuna mana iyakar dabararmu.

Wata Juma'a ce cikin zafi, an tayar da salla an shiga raka'a ta biyu, ni kuma ina sahun baya na ƙarshe domin a nan 'yan kwamiti muke tsayawa. Sai muka ji hon ɗin babbar mota wanda ba ya yankewa, tare da ihun samarin da muka tsayar. Tifa ce ɗauke da yashi, birkinta ya ƙi kamawa, direban yana ta ƙoƙarin sauke giya, yaron motar kuma ya diro yana gudu a gefenta da katakon da suke tokare taya da shi, yana jefawa a ƙarƙashi tana tsallakewa. Bencinmu ta bi ta kansa kamar an taka kara. Abin da ya tsayar da ita shi ne direban ya karya kan motar da gangan ya jefa tayar gaba cikin kwalbati, ta tsaya a karkace, yashi yana zuba a kan takalman mutane. Na auna da ƙafata daga baya, taku goma sha ɗaya ne tsakanin hancin motar da tabarmar da nake kai. Motar ba ta taɓa kowa ba, amma a turmutsitsin da aka yi wani dattijo mai sayar da turare ya faɗi aka tattake shi, ƙugunsa ya goce, kuma har yau da sanda yake zuwa masallaci. Akwai wani yaro ɗan shekara shida ko bakwai da na tarar a tsaye shi kaɗai bayan kowa ya watse, yana riƙe da takalmin mahaifinsa ƙafa ɗaya, ko kuka ya kasa yi. Juma'ar da ta biyo baya muka sayi sabon benci muka mayar a wurin, domin abin da ƙarfinmu ya kai ke nan.

Abin da muka tsallake ya auka wa wasu. A watan Yunin 2024, a garin Imawa da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya, babbar mota ta ƙwace ta afka wa mutanen da suka fito daga sallar Juma'a, mutum 14 suka rasu. A Jihar Gombe abin ya faru ga 'yan'uwanmu Kirista fiye da sau ɗaya: a lokacin Ista na 2019 mota ta kutsa cikin jerin gwanon yara da matasa a cikin garin Gombe ta kashe kusan 10, sannan a Ista na 2025 wata babbar mota ɗauke da hatsi ta afka wa masu jerin gwano a Billiri, mutum 5 suka mutu. A Kalaba ma, ranar 27 ga Disamban 2022, mota ta shiga cikin 'yan kallon bikin shekara a daidai Bogobiri, unguwar da Hausawa suka fi yawa a garin, ta kashe aƙalla mutum 7. Dalilan sun bambanta, wani birki ne, wani gudu ne, wani fushi ne, amma wurare huɗun nan sun haɗu a abu ɗaya: an san jama'a za su taru a wurin, an san ranar, an san lokacin, kuma babu wani abu mai ƙarfi da aka kafa tsakaninsu da titi.

Ranka ya daɗe, lissafin ba mai wuya ba ne, kowane ɗan kasuwa zai iya yin sa. Tirelar siminti mai buhu 600 tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin jikinta. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wanda a titunanmu ba a ma ɗaukarsa gudu, tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kimanin sahu 10 na masu salla kafin mutum ya ɗago kansa daga sujada. Idan kuma gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun ninkawa yake yi sau huɗu. Babu igiyar da za ta tare wannan, babu usur, babu tuta, babu ɗan agaji komai jarumtarsa. Jami'in KAROTA da ke tsaye a tsakiyar titi yana iya tsayar da direban da yake son tsayawa kuma motarsa take da birki. Wanda birkinsa ya tsinke, ko barci ya ɗauke shi, ko ya sha ƙwaya, ko ya zo da mugun nufi, jami'in shi ne na farko da zai fara bi ta kansa. Saboda haka ƙara yawan jami'ai, ko da yake abu ne mai kyau, ba ya magance wannan matsala, kuma rashin adalci ne mu ci gaba da sa 'ya'yan mutane su tsaya da jikinsu a inda ƙarfe ya kamata ya tsaya.

Na ambaci mugun nufi, kuma ba na son a ɗauka tsoratarwa nake yi. A birnin Nis na Faransa, ranar 14 ga Yulin 2016, wani mutum ya tuƙa babbar mota cikin masu kallon wasan wuta a bakin teku ya kashe mutum 86. A Disamban wannan shekarar aka yi irinsa a wata kasuwar Kirsimeti a Balin ta Jamus. Daga nan biranen Turai da Amurka suka shiga kafa turaku na ƙarfe a bakin dandalinsu, kuma kurakuran da suka yi bayan haka su ne suka fi amfani a gare mu. A Magdebag ta Jamus, a Disamban 2024, an kewaye wata kasuwar Kirsimeti da tubalan kankare, amma an bar giɓi domin motar asibiti, ta wannan giɓin maharin ya shiga, mutum 6 suka mutu. A New Orleans ta Amurka, daren shiga shekarar 2025, an cire turakun titin Bourbon domin a sauya su da sababbi, aka gitta motar 'yan sanda a madadinsu, sai maharin ya kewaye ta ta kan hanyar masu tafiya a ƙasa, ya kashe mutum 14. Abin da na fahimta daga waɗannan biyun shi ne shinge yana amfani ne idan ya rufe ko'ina, kuma ƙofar da aka bari domin motar kashe gobara ko ta asibiti dole ta zama ƙofa ta gaske, mai ƙarfi, mai makulli, da mutumin da aka san shi ne yake riƙe da ita.

Kano ba baƙuwa ba ce ga wannan ilimi. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012, duk wanda yake garin nan ya ga yadda cikin 'yan kwanaki aka kewaye ofisoshin 'yan sanda da barikoki da manyan gine-ginen gwamnati da tubalan kankare da durorin da aka cika da yashi, har aka rufe wasu titunan gaba ɗaya. Bankuna da manyan otal-otal ma sun kafa nasu. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, mutane suka ce ba zai yiwu ba, ya kuwa yiwu. Wato idan hukuma ta ga hatsari da idonta ta san yadda ake tare mota, ta kuma san yadda ake sauya tsarin zirga-zirgar gari a cikin mako guda. Abin da nake roƙo shi ne kariyar da aka ga ta dace da ofis da banki a ga ta dace da mai tallan goro a bakin Kantin Kwari, da ɗalibar firamare a ƙofar makarantarsu, da sahun baya na masallaci.

Kafin zuwan mota ma, magabatanmu a kan wannan tunani suka gina garin. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu tana da ƙofofi, kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, shi ya san abin da zai shiga da lokacin da za a rufe. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Muhammadu Rumfa, lungunanta an yi su ne daidai ƙafar mutum da jaki, shi ya sa har gobe uwa takan saki hannun ɗanta a cikinta ba tare da fargabar mota ba, abin da ba za ta taɓa yi a bakin Bata ko Ƙofar Wambai ba.

A shekarun nan an kashe dukiya mai yawa a kan tituna, kuma ba na raina aikin. Gadar Ƙofar Nasarawa, da gadar ƙasa ta Kabuga, da ta Gadon Ƙaya, da ta Dangi, da doguwar gadar Sabon Gari, da ta Hotoro, duk sun rage cunkoso, ni ma ina cin moriyarsu kullum. Sai dai dukkansu domin mota aka yi su, kuma titin da aka faɗaɗa aka shimfiɗa masa sabuwar kwalta gudu yake ƙara wa direba, alhali yawancin mutanen Kano da ƙafa suke kammala tafiyarsu, ko daga inda ɗan adaidaita sahu ya sauke su ne. Motar da ta sauko daga gada da gudunta kai tsaye take faɗawa cikin masu tsallaka titi da masu tura baro da 'yan dako, ba tare da wani abu ya tilasta mata ragewa ba.

Ku zo Kantin Kwari a goman ƙarshe na azumi, ko kasuwar Singa da hantsi, ku tsaya minti goma kawai. Za ku ga babbar mota tana ja da baya domin a sauke dila, direban ba ya ganin abin da ke bayansa, yaron mota ne yake buga mata jiki yana cewa taho, taho, a bayanta kuma akwai ɗan dako da kaya a ka wanda ba ya iya waiwaye, da mata da goyo da suka zo sayayyar Sallah daga Haɗeja ko Maraɗi ba su san hanyar ba, da almajiri da robarsa, da 'yan sahu uku kowa yana neman ya riga wani kutsawa. Mu da muke wurin mun saba har ba ma gani, sai an taka ƙafar wani a taru a ba da haƙuri, a kai shi wurin mai ɗori, gobe a ci gaba. A nan dole in faɗi laifinmu mu 'yan kasuwa, domin ba daidai ba ne in nuna wa hukuma yatsa in ɓoye namu. Inda aka yi dakalin tafiya a gefen titi, mu ne muke fito da tebura da dila mu cinye shi, wasunmu har haya suke karɓa a kansa, sai mai tafiya a ƙasa ya rasa inda zai sa ƙafa ya sauka kan kwalta. Duk gyaran da za a yi, sai an haɗa da mu, kuma sai mun yarda mun ja baya.

Ga yadda nake ganin aikin zai yiwu. A fara da ƙidaya: hukumar KAROTA da 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da asibitocin da ake kai waɗanda suka ji rauni su haɗa abin da suka sani, a fitar da wuraren da jama'a suka fi taruwa a bakin manyan tituna da wuraren da aka fi buge mutane. A irin waɗannan wurare a kafa turakun ƙarfe masu kauri, a cika cikinsu da kankare, a binne gindinsu sosai, a jera su da tazarar da mutum da baro da keken guragu za su wuce amma mota ba za ta wuce ba. Ina jaddada batun gindin, domin tubalin kankaren da aka ajiye kawai a kan kwalta babbar mota tura shi take yi ya zama shi ma abin da zai danne mutane, kuma siririn bututun da aka shafa wa fenti ja da fari ado ne kawai. Injiniyoyin Ma'aikatar Ayyuka da na Jami'ar Bayero da ta Wudil za su iya fitar da ma'aunin da ya dace, maƙeranmu da masu walda kuma su ƙera a nan gida, kuɗin ya zauna a garin.

Masallatan Juma'a da filayen idi buƙatarsu daban ce, tunda na ɗan lokaci ake rufe titin. A nan ƙofar ƙarfe mai nauyi ta fi dacewa, wadda ake buɗewa a jingine ta a gefe duk mako, a rufe ta ranar Juma'a na tsawon awa guda, makullin yana hannun wanda hukuma da kwamitin masallaci suka amince da shi. Kuma kada a kafa ta a dab da sahun ƙarshe, a kai ta can mahaɗar da ke gaba inda mota za ta sami hanyar kaucewa, a sa alama tun daga nesa domin direban da ya taso daga wani gari ya sani. Kafin a kai ga ƙera waɗannan, akwai abin da za a iya yi tun wannan Juma'ar ba tare da an kashe ko sisi ba: motocin kwasar shara da tankokin ruwa da tifofin gwamnati a gitta su a bakin manyan masallatai da filin idi na Ƙofar Mata da hanyoyin da ake bi a hawan Daushe da hawan Nasarawa, direbobinsu suna kusa domin a janye idan motar asibiti za ta wuce. Hawan Sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a Disamban 2024, baƙi za su ƙaru, 'yan kallo za su ƙaru, kuma akasarinsu yara ne da ke tsaye a bakin hanya.

Kasuwanni kuwa maganinsu raba lokaci ne da raba hanya. A tsayar da sa'o'in da manyan motoci za su shiga su sauke kaya, daga dare zuwa bayan asuba, da rana kuma layukan cikin kasuwa su zama na ƙafa da baro da kura kaɗai. Wannan ba zai yiwu ba sai an tanadar wa tireloli wurin jira mai tsaro a bakin gari, ta wajen hanyoyin da suka kewaye birni, sai kuma an zauna da ƙungiyar direbobi da ta masu motocin da shugabannin kasuwanni da na 'yan dako, domin su ne za su ɗauki wahalar sauyin. A bar wa motar kashe gobara hanyarta a kowace kasuwa, gobarar Sabon Gari ta 2016 ta ishe mu darasi a kan haka, amma hanyar ta zama mai ƙofa da mai tsaro, kada ta koma wurin ajiye motoci ko kasa kaya. Ina kuma roƙo da babbar murya kada a mayar da wannan aiki farautar masu ƙaramin ƙarfi. Matar da ke kasa gyaɗa a bakin titi da yaron da ke tallan ruwa ba son hatsari ne ya kai su wurin ba, nan ne mai saye yake. Idan an kafa turaku, a ja musu layi a bayansu su zauna cikin aminci. Idan aka kore su kawai aka ƙwace kayansu, bayan mako biyu za su dawo, kuma wurin da ya fi hatsari za su koma.

Sauran abubuwan gajeru ne amma ba a yi sai da su. A tilasta rage gudu zuwa kilomita 30 a awa a gaban makarantu da asibitoci da kasuwanni, ta hanyar tudun kwalta mai faɗi da aka yi bisa ƙa'ida aka shafa masa fenti, domin allo kaɗai ba ya rage gudun kowa. Sannan jami'an duba lafiyar motoci su mayar da hankali kan birki da tayoyin tifa da tanka da tirela fiye da takardun ƙananan motoci, kuma idan motar da ba ta da birki ta yi ɓarna, hukunci ya hau kan mai ita wanda ya san halinta ya tura ta hanya, kada ya tsaya a kan direba da yaronsa. Haka nan samarin da ke wasa da mota a wurin ɗaurin aure da kai amarya, suna juyi a tsakiyar mutane, a kama motar ko ta ɗan wane ne.

Na san za a ce babu kuɗi, na kuma san wasu za su ce abin da Allah ya ƙaddara babu makawa. Game da kuɗi, abin da za a kashe a kafa turaku a wurare 20 ko 30 bai kai wani ɗan yanki na kuɗin gada guda ba, kuma mu 'yan kasuwa da attajiran unguwanni da suke gina masallatai za mu sa hannu idan hukuma ta fitar da ma'auni ta ba da izini, domin a yanzu ko muna da niyya ba mu da ikon haƙa titin gwamnati. Game da ƙaddara kuwa, mun yi imani da ita, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma shi ne ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani. Malamanmu su taimaka su faɗi haka a kan mumbari, tunda jama'arsu ce take zaune a kan kwaltar.

Ranka ya daɗe, ba na neman a gyara Kano gaba ɗaya a shekara guda. A zaɓi masallatan Juma'a 5 da sahunsu ke fita kan manyan tituna, da ƙofofin Kantin Kwari da na Singa da na Sabon Gari, da makarantun firamare 10 da ke bakin hanya, a gama da su kafin azumi mai zuwa, a sanar da jama'a sunan ofishin da ke da alhakin kula da su idan sun lalace. Kwamitin masallacinmu a shirye yake a fara gwaji da shi, mun riga mun auna faɗin titin, mun san mahaɗar da ya kamata a karkatar da motoci, kuma dattijon nan mai turare ya ce idan injiniyoyinku sun zo a kira shi, zai nuna musu daidai inda tifar ta tsaya.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, Kano.